Kwana 17 Bisa Keke A Hanyar Oregon

A wannan fitowa na kawo muku labarin wata tsohuwar hanya ta ƙasar Amurka. Sunanta Hanyar Oregon. Hanya ce ta amalanke da shanu. Na bi wani yanki nata bisa keke, kwana 17. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, abin da na gani da idona, da abin da na karanta cikin takardun da matafiyan suka bari, shi zan faɗa muku.

Mutanen da suka bi hanyar nan yawancinsu manoma ne. Suna da shanu, suna da mata da yara. Sun sayar da gonakinsu, sun ɗora abin da ya rage cikin amalanke, sun nufi yamma. Wanda ya taɓa kallon siliman kaboyi zai zaci yaƙi ne ya fi cinye su. A'a. Abin da ya fi ba su wahala shi ne abin da kowane matafiyi ya sani: ruwan sha, nauyin kaya, da ƙurewar lokaci.

Ina hanyar take, kuma mi ya tashe su?

Amurka ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. Teku gabas, teku yamma. Kafin 1840 Turawan ƙasar suna zaune ne daga bakin tekun gabas zuwa wajen kogin Misuri. Daga nan zuwa yamma sai babban fili mai ciyawa, babu itatuwa sosai. Bayan filin sai manyan duwatsu. Bayan duwatsun sai busasshiyar ƙasa. Can ƙarshe, kusa da tekun yamma, akwai wuri mai yawan ruwan sama, mai kyaun noma. Shi ne Oregon.

Hanyar ta tashi daga garin Independence, kusa da kogin Misuri, ta ƙare a Oregon. Tsawonta kusan kilometir 3,500. Kamar mutum ya yi tafiyar Yamai zuwa Damagaram har sau huɗu. Takan ci wata huɗu zuwa shida.

A 1837 kuɗi suka yi wuya a Amurka. Bankuna da yawa suka karye. Amfanin gona ya rasa daraja, bashi ya danne manoma. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro a kwarin manyan koguna. Sai labari ya bazu cewa a Oregon akwai gonaki, akwai lafiya. A 1843 babban ayari na farko ya tashi, mutum kusan 1,000. A 1848 aka ga zinariya a Kalifoniya, sai hanya ta cika maƙil. A 1850 gwamnati ta yi doka. Baturen da ya riga ya zauna Oregon za a ba shi hekta 130 kyauta. In yana da aure, hekta 260, rabi da sunan matarsa. Masu zuwa daga baya su samu rabin haka. A shekarar nan kaɗai mutum fiye da 50,000 suka bi hanyar. Daga 1840 zuwa 1869 an ƙiyasta kimanin mutum 400,000 suka bi ta. Wasu Oregon suka nufa, wasu Kalifoniya, wasu Yuta. Amma duka hanya guda suke bi har tsakiyar duwatsu, can take rabuwa.

Yadda na hau hanyar

An tura ni kwas na wata uku a jihar Nebraska, tare da wasu malamai masu koyar da manya. Mai masaukina wani dattijo ne. Yana saurayi ya yi aikin rijiyoyi a ƙasarmu, har yanzu yana jin Hausa. Ina ce masa Baba, yana ce mini Malam. Da kwas ya ƙare sai ya tambaye ni:

"Malam, ka iya keke?"

Na ce: "Baba, ai da keke nake zagaya ƙauyukan da nake aiki."

Ya ce: "To, shirya. Kakan kakana ya bi wata hanya da shanu. Za mu bi sawunsa."

Mu uku muka tashi: ni, da Baba, da ƴarsa wadda ke koyar da tarihi a makarantar sakandare. Ita ce ta ɗauko littattafan matafiyan da, tana karanta mana da dare. Baba ya haura shekara 70, amma in ya hau keke ba ka cewa haka. Kowa ya ɗaura kayansa a baya: ƙaramin tanti, bargo, tufafi, abinci, da bido na ruwa. Mun fara daga tsohon barikin soja na Kearny, wanda aka gina a 1848 a bakin kogin Filat. Mun yi niyyar kai wa tsakiyar duwatsu, cikin jihar Wayomin. Tafiyar kusan kilometir 1,000 ce. Yau akwai kwalta da ke bin gefen tsohuwar hanyar, ita muka fi bi.

Tafiyar yini

Abu na farko da ya tarbe mu shi ne iska. A kwanakin nan iska daga yamma take busowa, mu kuwa yamma muka dosa. Kana taka keke kamar wani ya dafa ƙirjinka yana tura ka baya. Babu itacen da za ka fake. Mukan yi kilometir 60 a yini. Matafiyan da kuwa 20 zuwa 25 suke yi. Abin da muka ci a yini guda, su kwana uku ne.

Amalankensu ba babba ba ne. Faɗinsa metir ɗaya da ɗan kai, tsawonsa metir uku. An yi masa rumfa da farin yadi mai kauri. Yana ɗaukar kaya kamar tan guda. Takarkarai huɗu ko shida ke jan sa. Sun fi son takarkarai bisa dawaki da alfadarai, don sun fi arha, sun fi haƙuri, kuma ciyawar hanya ta ishe su. Cikin amalanken babu wurin zama, duk kaya ne. Ga girgiza mai karya baya. Saboda haka mutane a ƙasa suke tafiya. Maza, mata, yara, har masu ciki. Marar lafiya da jariri kaɗai ke hawa.

Sukan tashi ƙarfe 4 na asuba. A tatsi shanu, a dafa abinci, a ɗaure takarkarai. Ƙarfe 7 a kama hanya. Tsakar rana a ɗan huta. Da marece a jera amalanku a kewaye, ya zama kamar garke, don kada dabbobi su watse da dare. Tun da babu itace, mata da yara suna tafe suna tsintar busasshen kashin ɓauna, da shi ake girki. Matan sun gano wata dabara. Da safe su rataya madara cikin bokiti a jikin amalanke. Kafin marece girgizar hanya ta fid da mai.

Rana ta uku tayata ta sace. Na duba, sai ga tsidau. Tsidau ɗin nan namu da muka sani, har can ya kai. Baba ya yi dariya ya ce: "Malam, ɗan garinku ne ya zo gaishe ka." Cikin minti 20 na liƙe tayar. A zamanin da, in ƙafar amalanke ta karye, ga shi babu itacen gyara, iyali kan yi asarar yini, ko ayari ya wuce ya bar su.

Ruwan kogin Filat

Kwana da kwanaki muna bin kogin Filat. Kogi ne mai faɗi, marar zurfi, cike da yashi da taɓo. Shi ne uwar tafiyar, don dabbobi suna sha, kuma bakinsa akwai ciyawa. Shi ne kuma ya zama musu ajali.

Ku duba yadda abin yake. Dubban mutane suna bin gaɓa guda cikin makonni kaɗan. Wurin da ayarin jiya ya kwana, nan na yau zai kwana. Babu masai. Dabbobi suna mutuwa a bakin ruwa. Ana binne matattu kusa. Tun da ruwan kogin ya cika taɓo, sai su tona ƴan ramuka marasa zurfi a gefe, su sha abin da ya tsatso. Ruwan ramukan nan ya fi haske a ido, amma ƙazantar zango duk ciki take sauka.

Daga 1849 cutar kwalara ta shiga hanyar. Ita ce zawo da amai mai ƙarar da ruwan jiki. Mutum ya karya kumallo lafiya lau, kafin dare ya cika. Shekarun 1849, 1850 da 1852 sun fi muni. A lokacin ba a san daga ina cutar take ba. Da yawa suna zaton mugunyar iska ce. Sai a 1854 wani likita a birnin Landan, John Snow, ya nuna cewa ta ruwan sha take bi. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayar cutar. Amma matafiyin da ya gaji, ga ƙishirwa, ga ƙarancin makamashi, bai ga dalilin tafasa ruwan da zai sha ba.

Mu muna cika bidonmu a famfon gidajen mai. Ranar da ruwana ya ƙare saura kilometir 15 mu kai gari, na tsaya na kalli kogin. Maƙogwarona ya bushe, harshena ya yi nauyi. Na san abin da ke cikin ruwa irin wannan, kuma na san famfo yana gaba. Su ba su da ko ɗaya cikin biyun.

Masu bincike sun ƙiyasta mutum kimanin 20,000 suka mutu a hanyar, wasu sun ce sun fi haka. Cuta ce ta ɗauki mafi yawansu. Sau da yawa cikin hanyar ake tona kabari, a bi ta kai da amalanku, don kada kyarketai su gane wurin su tone. Shi ya sa yau kaburbura kaɗan ne aka sani.

Kabarin da ke da suna

Mun wuce wani wuri da ake kira Ash Hollow. Akwai gangara mai tsanani. Nan sai an ɗaure ƙafafun amalanke, maza su riƙe igiyoyi ta baya, a sauke shi sannu sannu. Har yanzu ana ganin tabon da ƙafafun suka bari a jikin tudun. A ƙasa akwai idon ruwa mai daɗi da inuwa, abin da suka yi makonni ba su gani ba.

Gaba kuma sai wani dutse mai tsini, kamar bututun hayaƙi, tsayinsa kusan metir 90. Suna ce masa Chimney Rock. Matafiya kan hango shi tun saura kwana biyu ko uku su iso. Kusan duk wanda ya rubuta labarin tafiyarsa ya ambace shi.

Kusa da garin Scottsbluff muka tsaya a wani kabari. Na wata mata ce, Rebecca Winters. Kwalara ta kashe ta a watan Agusta na 1852. Wani abokin iyalin ya ɗauki ƙarfen da ke zagaye ƙafar amalanke, ya sassaƙa sunanta da shekarunta, ya kafa bisa kabarin. Bayan shekaru masu awon hanyar jirgin ƙasa suka tarar da ƙarfen cikin ciyawa. A 1995 aka ɗan matsar da kabarin nesa da layin jirgi. Lokacin da muka je, ƙarfen yana nan. Na tsaya gabansa na daɗe. Mijinta da ƴaƴanta sun binne ta, suka ɗaure shanu suka ci gaba, don ayari ba ya jira.

Ban da cuta akwai haɗari. Yara suna faɗowa ƙarƙashin ƙafar amalanke. Bindigogi suna tashi da kansu cikin kaya. Mutane suna nutsewa wajen ƙetare koguna. Malama ta karanta mana labarin iyalin Sager, na 1844. Sun tashi da yara shida, aka haifi ta bakwai a hanya. Ƙafar amalanke ta karya ƙafar ɗaya daga cikin ƴan matan. Uban ya mutu da zazzaɓi. Ba a jima ba uwar ta bi shi. Mutanen ayari ne suka riƙe marayun bakwai a hanya.

Nauyin kaya

Wanda ke tafiya bisa keke yana sanin nauyin kowane abu da ya ɗauka. A fili ba ka ji. Da an fara hawa sai ka ji kamar an ƙara maka dutse. Kayana kilo 15 ne, amma a kan tudu na san da su.

Su kuwa dole su ɗauki abincin wata shida. Wani littafin jagora na 1845 ya ba da shawara kowane babba ya tanadi garin alkama kilo 90, da busasshen nama kusan kilo 70, ban da sukari, gishiri da kofi. Bisa wannan ga garma, ga iri, ga kayan sana'a. Ga kuma abin da zuciya ba ta son rabuwa da shi: murhun ƙarfe, akwatin gado, madubi, agogon bango, littattafai.

Da muka shiga Wayomin muka isa tsohon barikin Larami. An kafa shi a 1834 don cinikin fatu, soja suka saye shi a 1849. Wanda ya iso nan ya ci kashi ɗaya cikin uku na hanya. Daga nan ƙasa take fara hawa, ciyawa take raguwa. Takarkarai sun rame, kofatonsu ya cinye. Sai mai gida ya zaɓa: ko kaya ko shanu. In shanu suka faɗi, iyali sun tsaya ke nan a daji. Saboda haka ake zubar da kaya. Waɗanda suka wuce a 1849 sun rubuta cewa gefen hanya cike yake da murhu, akwatuna, uwar maƙera, har tulin nama da gari. Mace ta ɗauko akwatin uwarta tafiyar kilometir 1,000, ta sauke shi cikin ƙura ta wuce.

Kusa da garin Guernsey akwai wurin da ban manta ba. Kogi ya matse hanya, dole kowane amalanke ya hau wani fako na dutse mai laushi, a sawu guda. Ƙafafun ƙarfe da kofatai sun ci dutsen har ya zama kwazazzabo. Zurfinsa a wani wurin metir ɗaya da rabi. Na shiga ciki, ya kawo mini ƙirji. Nan na gane yawan jama'ar da ta wuce fiye da yadda lissafi ya nuna mini.

Ƙasar tana da masu ita

A barikin Larami Malama ta zaunar da mu. Ta ce: "Malam, filin nan da muka ratsa, a takardun Turawa an ce babu kowa. Akwai mutane."

Mutanen asalin ƙasar ne, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Ƙabilu ne daban daban: Pawnee, Lakota, Cheyenne, Arapaho, Shoshone, da wasu. Da yawansu da farautar ɓauna suke rayuwa. A shekarun farko sun taimaki matafiya. Sun nuna musu mashigai, sun ƙetarar da su koguna, sun sayar musu da nama, kifi da takalman fata. Wani masanin tarihi, John Unruh, ya bi takardun zamanin ya ƙirga. Daga 1840 zuwa 1860 ya samu matafiya 362 da mutanen ƙasar suka kashe. Ya samu mutanen ƙasar 426 da matafiya suka kashe. Ku gwada 362 da dubban da cuta ta ɗauke.

Amma hanyar ta ɓata musu zama. Dabbobin baƙi sun cinye ciyawar bakin kogi. An sare ƴan itatuwan da suke fakewa da su lokacin sanyi. Ɓauna ta kauce. Kwalarar 1849 ta shiga zangonsu ta kashe da yawa. Can Oregon, ƙyanda ta 1847 ta kashe kusan rabin ƙabilar Cayuse. A 1851 gwamnati ta tara mutum kimanin 10,000 kusa da Larami, aka yi yarjejeniya. Su bar matafiya su wuce, a riƙa ba su kaya na dalar Amurka 50,000 kowace shekara har shekara 50. Da takardar ta koma majalisa sai aka rage zuwa shekara 10.

A 1854 saniyar wani matafiyi ta ɓace, ta shiga zangon Lakota, wani baƙo a zangon ya kashe ta. Sarkinsu ya ce zai biya da doki. Wani ƙaramin hafsa mai suna Grattan ya ƙi, ya zo da sojoji kimanin 30 da igwa biyu. Aka harbi sarkin. Mutanensa suka kashe sojojin duka. Shekara ta zagayo, soja suka far wa wani zangon Lakota kusa da Ash Hollow, inda muka sha inuwa. Suka kashe mutum 86, har da mata da yara. Daga nan yaƙe-yaƙe suka yi ta biyo baya, har aka tattara ƙabilun aka killace su a wasu yankuna. Jikokinsu suna nan har yau. Gonakin da aka raba kyauta a Oregon ma ƙasar wasu ce.

Kuma kyautar ba ta kowa ba ce. Dokar 1850 ba ta haɗa da baƙar fata ba. Tun 1844 Turawan Oregon suka yi dokar hana baƙar fata zama. A shekarar nan wani baƙar fata mai dukiya, George Bush, ya bi hanyar da iyalinsa. Ba shugaban ƙasar nan da kuka ji a rediyo ba, wani ne daban. Ya taimaki maƙwabtansa Turawa a tafiyar. Da suka iso sai ya ƙetare kogin Kolombiya ya yi arewa, inda dokar ba ta da ƙarfi, can ya yi gona.

Lokaci ba ya jira

Bayan garin Casper hanya ta rabu da kogin Filat. Ƙasa ta bushe, sai gajerun itatuwa masu toka-toka. Akwai tafkuna da bakinsu ya yi fari fat da kanwa. Takarkari mai ƙishirwa in ya sha ya ƙoshi, mutuwa yake. Mata kuwa sukan kwashi kanwar don ta tayar musu da burodi. Yini guda muka ratsa wurin, rana tana duka, babu gida babu kanti. Ruwanmu muka riƙa aunawa.

Sai muka iso wani babban dutse mai kama da kunkuru, tsayinsa kamar metir 40, a bakin kogin da suke kira Ruwan Daɗi. Sunansa Dutsen Ƴancin Kai. Amurka tana bikin ƴancinta ran 4 ga watan bakwai, wato Yuli. Matafiya suna so su kai dutsen nan kafin ranar. Dutsen ya zama musu ma'auni. Na hau samansa. Akwai sunaye birjik da aka sassaƙa, da shekaru. Wasu sun rubuta ne don dangin da ke baya su san sun wuce da rai.

Ga lissafin. Ba a tashi kafin watan huɗu ko na biyar, don sai ciyawa ta fito dabbobi su samu abinci. Kuma dole a ƙetare duwatsun ƙarshe kafin watan goma, lokacin da ƙanƙara ke rufe mashigai. Tsakanin nan babu rarar kwanaki. Kamar shuka ce: wanda ya makara, damina ba ta dawo masa.

Gaba kaɗan da dutsen akwai wani lungu da ake kira Martin's Cove. A 1856 wasu mabiya addinin Mormon, talakawa daga Ingila da ƙasashen arewacin Turai, suka nufi Yuta. Ba su da kuɗin shanu. Kura ta hannu suke ja, kowane babba an yarje masa tufafi da shimfiɗa na kilo 8 kawai. Ayari biyu suka makara, sai watan Agusta suka bar kogin Misuri. Ran 19 ga Oktoba ƙanƙara ta rufe su, abinci ya kusa ƙarewa. Cikin mutum kusan 1,000, fiye da 200 suka mutu kafin masu ceto su kai da sauran gida. Mu cikin watan zafi muka kwana kusa da wurin, duk da haka da asuba sai da na ƙudundune cikin bargo.

Shekara goma kafin wannan, a 1846, ayarin Donner ya makara shi ma. Sun bi wata hanya da aka ce musu yanke ce, wanda ya ba da shawarar kuwa bai taɓa bin ta da amalanke ba. Ta cinye musu makonni. Ƙanƙara ta tsare su a duwatsun Kalifoniya duk lokacin sanyi. Su 87 ne, kusan 40 suka mutu.

Mashigin Kudu

Rana ta 17 muka kai inda muka nufa. Suna ce masa Mashigin Kudu. Bisansa ya kai metir 2,200 da wani abu daga teku, amma ba ka ganin hawa mai tsanani. Fili ne mai faɗin kilometir kusan 30 tsakanin duwatsu. Ba don shi ba da amalanke bai ƙetare ba. Nan ruwa ke rabuwa. Wanda ya zuba gabas ya nufi tekun gabas, wanda ya zuba yamma ya nufi tekun yamma.

Cinyoyina sun yi tsami, leɓɓana sun tsage, fuskata ta bushe da iska. Mijin Malama ya zo da mota ya kwashe mu da kekunanmu. Baba ya nuna yamma da hannu ya ce: "Malam, mu mun gama. Su a nan saura fiye da rabi." Gabansu akwai busasshiyar ƙasar kogin Snake, inda ruwa ke can ƙasa cikin rami mai zurfi, ana ganinsa ba a iya kai gare shi. Akwai wasu duwatsun. Akwai kogin Kolombiya mai ƙarfi. Duk wannan da ramammun shanu da ragowar gari.

A 1869 aka gama hanyar jirgin ƙasa daga gabas zuwa yamma. Tafiyar wata shida ta koma kamar mako guda. Sannu sannu ciyawa da garma suka shafe sawun amalanke. Wani mai suna Ezra Meeker, wanda ya bi hanyar a 1852, ya sake bin ta da takarkarai a 1906, yana da shekara 75, yana roƙon garuruwa su kafa alamomi. A 1978 gwamnati ta sa hanyar cikin wuraren tarihi da ake kiyayewa. Alamomin nan muka riƙa bi.

A cikin mota Malama ta karanta mana ƙarshen littafin wata mata, Amelia Knight. Ta tashi daga jihar Ayowa a watan huɗu na 1853, da mijinta da yara bakwai, tana da ciki. Kusan kullum takan rubuta abin da ya faru: ruwa, ƙura, saniyar da ta mutu, yaron da ba shi da lafiya. A watan tara, dab da ƙarshen hanya, ta haifi na takwas. Suka ƙetare kogin Kolombiya da kwale-kwale. Mijin ya ba da takarkarai huɗu, aka ba su fili, da ɗan lambun dankali, da ɗakin gungumen itace marar taga. Da wannan suka shiga lokacin sanyi, su goma. Su ne cikin waɗanda suka yi sa'a.